SHIKAR: KALMAR DA TA HAƊA MAHARBI DA NAMA



Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da ta kaure a tsakar gidanmu a nan Tudun Wadan Zariya, ran wata Asabar bayan la'asar, ina zaune a kan tabarma ana yi mini kitso. Ƙanwata ta kunna wani tsohon fim ɗin Indiya a waya, irin wanda ba a fassara ba, muna kallo da rabin ido. Can sai ga bos ya hango wata yarinya ta ɗauko tulu daga rafi, ya murza gashin baki, ya juya ya faɗa wa yaransa wata magana, muka dai tsinci "shikar" a ciki. Mai kitso, wadda take ji da kanta wajen jin Indiyanci, ta ce ai cewa ya yi za shi farauta. Ƙanwata ta ce ina, yarinyar yake kira shikar, wato nama ya samu. Wannan ta rantse waccan ta rantse, ni kuwa kaina ne ya sha ja, don duk sanda mai kitso ta ɗaga murya sai ta haɗa da gashina.

Da na bi diddigin maganar daga baya sai na tarar duk su biyun suna da gaskiya. A bakin mutanen Indiya da Pakistan, shikar ita ce farauta, kuma ita ce dabbar da aka farauto. Mai yin farautar shi ne shikari. In mutum ya fita daji da bindiga, ya tafi shikar. In ya dawo da barewa a kafaɗa, barewar ita ce shikar ɗinsa. Ba nan ta tsaya ba, domin a jaridunsu in cuta ta kama mutum, ko ya yi hatsarin mota, ko 'yan damfara suka wanke shi, sai a rubuta cewa ya zama shikar ɗin cutar ko na 'yan damfarar. Larabci ma haka yake, 'yan Islamiyya za su tuna cewa kalmar saidu da ta zo a Suratul Ma'ida tana ɗaukar farautar da kuma abin farautar. Mu ne dai Hausawa muka raba, muka ce farauta daban, nama daban.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke haɗa ta da kalmar wasa. Suna cewa shikar khelna, wato wasan farauta, kamar yadda za a ce wasan ƙwallo ko wasan langa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Asalin kalmar ba ta Indiya ba ce. Daga harshen Farisa ta fito, ƙasar da ake kira Iran yanzu. Shekaru ɗaruruwa harshen Farisa shi ne harshen fada da na alƙalai da na mawaƙa a arewacin Indiya, kamar yadda Larabci ya zama harshen wasiƙu da shari'a a Daular Usmaniyya ta Sakkwato. Ta nan kalmar ta gangaro cikin Urdu da Hindi, ta zauna daram har mai noma a ƙauye ya ɗauka ta kakanninsa ce. Waɗanda suka fi ɗaukaka ta su ne sarakunan Mugal, Musulmi, waɗanda kakansu Babur ya ci Delhi a 1526. Su ne masu Taj Mahal ɗin nan da kike gani a jikin kalanda da faranti.

A wurin waɗannan sarakuna farauta ba neman abin miya ba ce. Mulki ce. Sarki yakan fita da dubban mutane da giwaye da dawakai da raƙuma, a yi wata da watanni a daji, yana tafe yana duba ƙasa, yana karɓar gaisuwar hakimai, mai shirin tawaye kuma ya ga yawan rundunar ya shiga taitayinsa. Akwai sarauta guda, Mir Shikar, wanda duk sha'anin farauta da karnuka da shahunan sarki suke hannunsa, kusan abin da mu za mu kira Sarkin Dawa ko Sarkin Baka, sai dai shi a fada yake kwana. Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya taɓa tara wajen cita dubu a lokaci guda. Cita wata 'yar uwar damisa ce mai siririn jiki da dogayen ƙafafu, babu dabbar da ta kai ta gudu a doron ƙasa. Akan kamo ta a daji a horar da ita, a rufe mata ido a ɗora ta a kan amalanke, sai an hango barewa a buɗe mata ido a sake ta.

A 1567, kusa da birnin Lahore, Akbar ya sa aka tara mutum wajen dubu hamsin suka yi wa daji ƙawanya. Kullum suna matsowa suna kaɗe-kaɗe da ihu, da'irar tana tsukewa, har namun dajin suka taru a ɗan fili ba hanyar fita. Sannan sarki ya shiga shi kaɗai a kan doki, ya yi kwanaki yana kisa da takobi da mashi da kibiya, sai da ya gaji aka ba fadawa dama, bayan su kuma sauran jama'a. Amma abin mamaki, shekara 11 bayan haka, a 1578, an sake yin irin wannan ƙawanya a wani wuri da ake kira Bhera, dabbobi sun taru ana jiran sarki ya fara, sai wani hali ya sauko masa wanda marubutan fadarsa ma suka kasa bayyana shi sosai. Ya ce a buɗe ƙawanyar, kada a taɓa ko tsuntsu. Ya aske gashinsa, ya yi sadaka mai yawa a wurin. Ni dai a raina na ce ƙila idanun dabbobin ya kalla. Duk wadda ta taɓa riƙe kaza za a yanka ta san abin da nake nufi.

Ɗansa Jahangir bai gaji wannan tausayin duka ba. Mutum ne mai son lissafi, har ya sa aka ƙidaya masa abin da ya kashe da hannunsa tun yana ɗan shekara 12 zuwa lokacin da ya kusa 50, aka sami 17,167, mafi yawansu tsuntsaye. Amma kuma shi ne wanda barewarsa ta gida ta mutu ya gina mata hasumiya, tana nan har yau a Sheikhupura ta Pakistan, ana kiranta Hiran Minar, hasumiyar barewa. Ɗan Adam ke nan, mai wuyar gane hali.

Matarsa ce ma ta fi ba ni sha'awa, kuma saboda ita na san za ku gyara zama. Nur Jahan bazawara ce mai 'ya ɗaya lokacin da sarki ya aure ta a 1611, ta haura shekara 30, kuma ta tarar da mata da yawa a gidan. Cikin 'yan shekaru ta zama ita ce mai faɗa a ji, har aka buga kuɗi da sunanta. A 1617 ta bi mijinta shikar, tana cikin darbuka a bayan giwa, aka koro damisoshi huɗu irin manyan nan masu zane-zane, ta nemi izini, ta kashe su duka huɗun da harsashi shida. Sarki da kansa ya rubuta labarin a littafin tarihin rayuwarsa, ya ce ya ba ta warwaro biyu na lu'ulu'u, ya kuma watsa mata tsabar zinariya dubu. Har yau a birnin Banaras ana saƙa wani irin sari mai tsada da ake kira shikargah, wato filin farauta, wanda aka zana wa giwaye da barewa da maharba da zaren zinariya, amare suna sawa. Kin ga kalmar ta shiga har cikin lefe.

To, sai Turawan Ingila suka karɓe Indiya, suka karɓe shikar tare da ita. Kalmar ta shiga Turancinsu, har ta sami gurbi a wani ƙamus na kalmomin da suka aro daga Indiya mai suna Hobson-Jobson, wanda aka buga a 1886. Duk ƙaramin hafsan soja ko joji da aka turo daga Ingila burinsa ya kashe damisa, a ɗauke shi hoto ya taka kanta da takalmi, ya aika gida. A nan ma'anar shikari ta ɗan karkace. A bakin Bature, shikari yakan zama talakan ƙauyen nan da ya san dajin kamar tafin hannunsa, shi zai bi sawu, shi zai ɗaure ɗan maraƙi a gindin bishiya, shi zai kwana cikin sauro, in dabba ta fito ya nuna wa maigida ya harba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Daɗin daɗawa, a 1878 aka yi dokar daji da dokar makamai, waɗanda suka tsananta wa talaka shiga gandun daji da riƙe bindiga. Wanda kakanninsa suka rayu da dajin ya koma ɓarawon nama, wanda ya zo jiya daga ƙetare da takardar izini shi ne ɗan wasa.

A Disambar 1911 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya je Delhi aka yi masa gagarumin taron mubaya'a, daga nan ya wuce Nepal shikar. Cikin kwana 10 shi da tawagarsa suka kashe damisa 39 da karkanda 18 da wasu dabbobin. Giwaye ɗaruruwa ne suka yi wa dajin zobe, sarki yana zaune a sama, nasa kawai ya ɗana kunama. Wace jarumta ce a nan, don Allah? Sarakunan gargajiyar Indiya su ma suka shiga gasa don su burge Bature. Wani Maharaja na Surguja ya faɗa da bakinsa cewa ya kashe damisa 1,150.

Za ki ce, to mu ina ruwanmu a Zariya? Ruwanmu ya zo ne ta hannun mutum ɗaya da duk 'yar firamare ta san sunansa. Lugga, wanda littattafan makaranta suke rubutawa Lugard, a Indiya aka haife shi, a birnin Madras, a 1858. A can ya fara aikin soja, kuma a can ya yi suna wajen farautar damisa da sukar gursunu, wato aladen daji, da mashi a kan doki. Wannan ɗan shikar ɗin shi ne ya zama babban kwamishinan Arewa a 1900. A 1902 sojojinsa suka zauna a Zariya, aka kawar da Sarkin Zazzau Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. A wannan shekarar Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, aka bi sawun Sarkin Musulmi Attahiru daga gari zuwa gari har aka cim masa a Burmi. In mutum ya karanta yadda aka bi shi, ana tare gaba ana tare baya, ba abin da zai faɗo masa a rai sai ƙawanyar nan ta Lahore.

Ita kanta unguwar da nake zaune ina wannan rubutu, Turawan ne suka yanke ta. Birni na Zagezagi, Sabon Gari na mutanen Kudu da suka biyo jirgin ƙasa, Tudun Wada kuma ta 'yan Arewa baƙi, ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa. Kuma abubuwa da dama da muke gani kamar namu ne, ta Indiya suka biyo a jakar waɗannan hafsoshi. Kakin soja da na ɗan sanda, kalmar Farisa ce mai nufin launin ƙasa. Hawan daba, daga darbar ne, wato zaman fada, irin wanda aka yi wa Sarki Joji a Delhi, Lugga kuma ya tara sarakunan Arewa ya yi nasa a Kano a 1913. Hawan salla namu ne tun da, amma tara sarakuna su yi jerin gwano a gaban baƙo ɗabi'ar Indiya ce. Ƙwallon dawaki da Sarkin Katsina Dikko ya rungume shi ma daga can Turawa suka koyo shi.

Amma shikar ba ta sami masauki a Hausa ba, kuma dalilin a fili yake: ba a aron abin da ake da shi a ɗaka. Tun kafin a san da Bature muna da farauta muna da harbi, kuma ba ɗaya ba ne. Maharbi shi kaɗai yake fita, ko shi da ɗansa, da kwari da baka da dafi, daga baya da bindiga harba-ka-ruga. Sana'a ce ta gado, mai sirri, shi ya san itatuwa, shi ake nema in maciji ya sari mutum ko kura ta addabi gari. Tarihin Kano ma da maharba ya fara, ga labarin Barbushe na Dutsen Dala wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya saɓo ta. Ita kuwa farauta ta taron dangi ce. In an gama girbi kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai a buga ganga, samarin unguwanni da ƙauyuka su fito da karnuka da gora da adda da barandami, 'yan tauri suna kirari, a kewaye daji a cinna wuta. Abin da ake samu zomo ne da gafiya da zabo da gada, wani lokaci faɗan da za a yi a kan zomo ɗaya ya fi zomon girma, a dawo da rotse. Kakata takan ce a zamaninsu in mafarauta suka dawo, yarinyar da saurayinta ya ratayo nama ranar ba ta taka ƙasa.

Bambancin da na gani shi ne, namu ko da akwai nuna bajinta a ciki, a tukunya yake ƙarewa. Addini ma da wannan sharaɗin ya halatta: ka ambaci sunan Allah, ka saki karenka horarre ko kibiyarka, ka ci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da mai rai abin gwajin saiti. Wancan kuwa da suka kira wasa, kai da fata kawai ake so a rataya a bango.

Ƙarshen wasan bai yi kyau ba. Citar da Akbar ya tara dubu, a 1947 wani Maharaja ya harbe guda uku a dare ɗaya, su ne na ƙarshe da aka tabbatar a ƙasar, a 1952 gwamnati ta sanar cewa babu sauran cita a Indiya. Sai a 2022 suka zo Afirka, ƙasar Namibiya, aka ba su guda 8 suka kai gida a jirgin sama. Damisa kuwa, wadda ake ƙiyasin ta kai 40,000 a farkon ƙarni na 20, da aka ƙirga a 1972 saura 1,827. Mace ce ta tsaya a kan lamarin, Firayim Minista Indira Gandhi. A 1972 aka yi dokar kare namun daji, a 1973 aka buɗe shirin ceton damisa, kuma ƙidayar 2022 ta nuna sun haura 3,600. Dokar ba ta bar manya ba. Salman Khan ɗin nan da wasunku suke liƙa hotonsa, a 1998 ana ɗaukar fim ɗin Hum Saath-Saath Hain kusa da Jodhpur aka zarge shi da harbe wasu baƙaƙen barewa biyu. Mutanen da suka kai ƙara 'yan wata al'umma ce, Bishnoi, waɗanda suke ɗaukar barewa kamar 'ya'yansu. Shekara 20 ana shari'a, a 2018 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5, ya kwana biyu a kurkuku aka ba da belinsa, ya ɗaukaka ƙara.

Ashe kalmar da ta kasa shigo mana ta hannun Lugga za ta dawo ta wata ƙofa. Kwarori masu gidajen sinima ne suka fara kawo finafinan Indiya Arewa tun wajen shekarun 1950. A lokacin macen kirki ba ta zuwa sinima, sai da talabijin ya zo, sannan bidiyo, Indiya ta shigo har ɗakin matar kulle. Iyayenmu sun ga Shikar na Dharmendra da Asha Parekh, na 1968. Akwai Shikari na Mithun Chakraborty na 1991. Mu kuma muna yara muka yi ta hayar kaset ɗin Shikari na Govinda da Karisma Kapoor da Tabu, na 2000, wanda Govinda mai ba mu dariya ya fito a mai kisan kai, muka yi ta jin haushi. Abin lura, a yawancin irin waɗannan finafinai ba damisa ake farauta ba. Mutum ake bi, kuma sau da yawa mace.

A nan ne na ajiye alƙalami na yi tagumi, don na ga Hausa ma ta bi wannan hanyar ba tare da ta ari kalmar kowa ba. Daba a da wurin zaman mafarauta ce, inda suke ɗaure karnuka su gasa nama. Da daji ya ja baya, 'yan siyasa suka gano amfanin samari masu gora da wuƙa, kin san abin da ɗan daba yake nufi yau. A Kano, shekarun 1980 zuwa na 1990, har aka yi 'yan ɗaukar amarya, masu sace mace a hanya ko a ɗakinta. Yanzu kuma in kin ji an ce Alhaji wane ya fita farauta da magariba, kin san ba Dajin Falgore ya nufa ba. Mota ce mai baƙin gilashi take tafiya a hankali a bakin makarantar 'yan mata ko ƙofar asibiti. Akwai wata yarinya da muka yi makwabtaka, ba za ta wuce shekara 16 ba, tana tallan awara da yamma. Wani mai mota ya riƙa sayen awarar duka kullum, ba ya karɓar canji, uwar tana murna Allah ya kawo kasuwa. Wata uku ana haka. Ranar da magana ta fito, motar ba ta sake bi ta layin ba, yarinyar aka tura ƙauye wajen gwaggonta, awarar ma aka daina. Duk maharbi ya san ba a kama tsuntsu da hannu wofi, sai an watsa tsaba. Shi a wurinsa wasa ne, shikar khelna, abin ba abokai labari a majalisa.

Dazuzzukan da aka keɓe wa namun ma abin da ya same su ke nan. An keɓe Yankari a 1956, Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, Dajin Kamuku na Birnin Gwari, nan kusa da mu, ya zama gandun ƙasa a 1999. Sambisa ita ma gandun namun daji ce a da, mutane suna zuwa kallon giwa. A 2014 can aka nufa da 'yan matan Chibok su 276. A 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta Zamfara aka yi daji da su. A Maris na 2024 aka kora yaran makarantar Kuriga, a jiharmu ta Kaduna, kamar garken awaki. Kwalejin Barewa tana nan a kan hanyar Gaskiya, amma ki tambayi ɗalibanta wa ya taɓa ganin barewa da ƙafafunta a dajin Zazzau. Nama ya ƙare a daji, masu bindiga ba su ƙare ba.

Ba na so a ce na yi wa mafarauta kuɗin goro, don a wannan masifar su aka tuna. Bayan sace 'yan matan Chibok ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri da bindigoginsu na gargajiya da layu, suna roƙon a bar su su shiga dajin. A Adamawa akwai Aisha Bakari Gombi, wadda ta gaji harbi a gidansu, tana ɗinki a gida, amma da Boko Haram suka matso garinsu ta ajiye keke ta ɗauki bindiga, ta jagoranci maza, har aka naɗa ta sarauniyar maharba. Ita ba darbuka ba giwa, ba wanda ya koro mata abin harbi, kuma ban ji an watsa mata zinariya ba. In ana maganar Nur Jahan, ni tawa ke nan.

Su ma maharban ba su tsira ba. A watan Maris na 2025, ana cikin azumi, wasu mafarauta 'yan jihar Kano suka taso daga jihar Ribas a babbar mota za su gida salla. A garin Uromi na jihar Edo aka tare motar, aka ga bindigogin farauta da karnuka, aka yi musu ihun masu satar mutane. Mutum 16 aka kashe, aka ƙone su. Sun bar mata da marayu, wasu matan ba su kai shekarun ƙanwata ba. Da a jaridar Indiya aka buga labarin, da kalma ɗaya za a rubuta sana'arsu da abin da suka zama. Allah ya jiƙansu.

Mai kitso ta dawo bayan sati biyu, na ba ta wannan labari tun daga Farisa har Uromi, ta saurara tana tsaga, da na gama ta ce ita dai har yanzu tana nan a kan bakanta, farauta bos ya ce. Ban ja da ita ba, don kaina yana hannunta. Na dai ƙara mata da abu ɗaya. Akwai wani ɗan ƙaramin shaho mai toka-tokan baya da jan ido da yake zama shiru a cikin dalbejiya, yana kama ƙadangaru da 'yan tsuntsaye. Ana samunsa a Indiya, ana samunsa a nan ƙasar Hausa, sarakunan can sun riƙa horar da shi yana yi musu kamu. Sunan da masana tsuntsaye na duniya suke kiransa da shi shi ne shikra, daga wannan kalma tamu. Ta ce ai ta san shi, shi ne ya ɗauke mata 'yan tsaki biyu da damina, ta ɗaga kai ta dubi dalbejiyar gidanmu, ta ce wa ƙanwata ta tashi ta kife kajin nan da kwando.